Dutsen da na fasa a cikin tiyon masai na jirgi

Abin ya faro ne daga mariƙin famfo. Masai ɗin da ke cikin ɗan jirgin ruwana irin na bugawa da hannu ne, kana ja kana dannawa, bugu ɗaya yana aiki biyu: yana zuƙo ruwan teku ya wanke kwano, yana kuma tura abin da ke cikin kwanon ya bi tiyo zuwa tankin tara ƙazanta. Shekara biyun farko da yatsa biyu nake danna shi. A ta uku sai da tafin hannu. Kafin ta ƙare sai na haɗa da nauyin kafaɗa, famfon yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, in kuma na ba shi baya na minti goma sai in tarar wani gurɓataccen ruwa ya lallaɓo ya dawo gindin kwanon.

Na yi abin da kowa ke yi. Na zuba cokalin man girki, mariƙin ya yi laushi kwana biyu ya koma gidan jiya. Na zuba kofin ruwan khal, don na sha jin masu jirage suna cewa shi ne maganin toshewa, ban ga canji ko kaɗan ba. Sai na kwance gwiwar da ke bayan famfo na zaro 'yar robar nan mai kama da bakin agwagwa, wadda masu sana'ar ke kira joka. Aikinta ɗaya ne, ta buɗe baki abu ya wuce, ta tsuke kada ya dawo. Tawa ta sandare baki buɗe, wani farin ɓawo ya kama leɓenta, in ka kankare da farce sai ka ji kamar ƙwanson ƙwai. Na sa sabuwa, ruwa ya daina dawowa, na ce shi ke nan. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ban tsaya na tambayi kaina ba, in robar da ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba ta tara wannan, me tiyon da ke bayanta ya tara?

Mako uku bayan nan, muna tsakiyar ruwa da yayana da matarsa, mariƙin ya cije, ba sama ba ƙasa. Da bokiti aka ƙarasa tafiyar, kuma wannan ɓangaren labarin gara a bar shi.

Akwai wani dattijo a matsayar da nake ɗaure jirgin, makanike ne da ya tsufa a kan gyaran injin jirage da duk wani abin da ruwa ke bi ta cikinsa. Na kira shi na ce famfo ya mutu, ya faɗa mini irin wanda zan saya. Ko kallon famfon bai yi ba. Ya durƙusa ya buɗe 'yar ƙofar da ke ƙarƙashin kwanon wanke hannu, ya kama farin tiyon fita ya matsa. Tiyon da ya kamata ya ɗan lotsa bai ko motsa ba. Ya ƙwanƙwasa shi da gindin sukudireba, ya amsa ƙwas-ƙwas kamar an bugi tulu. Da ya ɗan lanƙwasa shi sai muka ji ƙaras-ƙaras daga ciki.

"Ɗana, in ka gama, sau nawa kake bugawa?"

"Har kwanon ya yi fes, Baba. Sau biyar, shida."

"Tiyon nan tsawonsa nawa?"

Ban sani ba. Muka bi shi da igiya ta bayan allunan, muka auna: mita 4 da 'yan kai.

"To kwano kake wankewa, tiyo kuwa kana bar masa kayan. Shekara uku kana tara fitsari a nan kamar mai asusu."

Abin da ya yi mini bayani a tsaye ranar, na bi diddiginsa daga baya don in gane da kyau. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri iri-iri kimanin giram 35. Mafi yawansa gishirin da muka sani ne, amma a ciki akwai kalshiyam kamar giram 0.4 da magneziyam kamar giram 1.3. A narke suke, ba su dami kowa ba. Shi kuma fitsari yana ɗauke da yuriya. In ya kwanta a tiyo, bakteriya suna farfasa yuriyar ta zama amoniya, ita ce wannan warin mai hawa hanci, sai ruwan ya koma irin na kanwa, wato alkali. A irin wannan ruwa kalshiyam ba ya iya zama a narke. Yana haɗuwa da kabonet ya zama alli, ainihin abin da ke cikin ƙwanson ƙwai da kokon katantanwa da dutsen farar ƙasa. Magneziyam shi ma yana haɗuwa da amoniya da fosfet ɗin fitsarin ya ba da nasa dutsen. Duka suna kwanciya a bangon tiyo, shafe kan shafe. Na farko ne mai wuya. Da zarar bango ya yi kaushi, na biyu ya sami wurin kamawa, takarda da gashi da sauran tarkace su ma su maƙale su shiga ginin.

Ke nan ruwan teku shi kaɗai ba ya yin wannan ɓarna, shi ya sa tiyon shigo da ruwa, siriri mai milimita 19, yake nan lafiya lau. Sai an haɗa biyun, an kuma bar su sun kwana tare.

Lissafin da ya ba ni kunya mai sauƙi ne. Faɗin cikin tiyon fita milimita 38 ne, inci ɗaya da rabi ke nan. Kowace mita tana cin ruwa lita ɗaya da ɗan ɗori. Nawa mita 4, yana riƙe lita 4 da rabi. Na tono takardar da ta zo da famfon, wadda ban taɓa buɗewa ba, ga shi nan a rubuce: bugu 7 cikakku ga kowace mita ta tiyon fita. Nawa 28 ke nan. Ni ina yin 6. Wato duk lokacin da na fito ina jin na yi tsafta, abin bai ma yi tafiyar mita ɗaya ba, yana nan bayan allo yana jiran na gaba ya zo ya ɗan matsar da shi. Kuma ba lalaci ya sa ni ba, rowa ce. Tankina lita 60 ne, ina tsoron ya cika da wuri, har baƙi nake ja wa kunne kada su yi ta bugu. Garin neman gira na rasa ido.

Kafin in taɓa komai Baba ya sa ni wani gwaji. Na goge bayan tiyon, na jiƙa tsumma da ruwan zafi na naɗe shi a wurin da ya fi yin ƙasa, na bari ya huce, na fita da tsumman sarari na sansana. Wari ya kama shi. Ma'ana warin ya riga ya ratsa jikin robar, ko an fitar da dutsen duka tiyon zai ci gaba da ɗoyi. Da tsumman ya fito ba wari, da sai in wanke tsohon in mayar. Wannan ya yanke hukunci, sabo zan saya. Gwajin nan tun tiyo yana wurinsa ake yin sa, don in ka fara cirewa bayansa zai ɓaci ka rasa gane daga ina warin yake.

Ranar aiki na fara da kai jirgin aka zuƙe tankin, aka ɗauraye shi sau biyu. Na rufe makullan teku duka biyu, na shiga da na fita, wato bawul ɗin da ke jikin ƙasan jirgi, na ajiye toshiyar katako kusa da kowanne ko da wani abu zai karye. Na shimfiɗa ledoji da tsofaffin tawul, na sa safar hannu mai tsawo, na buɗe duk tagogi. Kwance kilif ɗin da ke ɗaure bakin tiyo ba wuya. Raba tiyon da bakin da ya hau shi ne yaƙin. Shekara da shekaru sun manne su kamar abu ɗaya. Na naɗa tsumman ruwan zafi, na murɗa hagu na murɗa dama, shiru. Zuciya ta ce in zura sukudireba in ɓanɓare, amma bakin na roba ne mai tauri, tsaga ɗaya ya isa ya riƙa yoyo har abada. A ƙarshe na tsaga tiyon a tsaye da wuƙa, a hankali kada in karci abin da ke ƙasa, na buɗe shi kamar ana ɓare ɓawon itace. Da ya fita na cusa tsumma a bakin, na sa leda na naɗe da salatif da sauri. Duk da haka sai da wajen kofi biyu suka zubo mini cikin hannun riga.

Tiyon da aka shigar yana lanƙwasuwa ya ƙi fita, don yanzu ya zama sanda. Ramukan da ya bi a jikin allunan ba sa kan layi ɗaya. Sai da na yanka shi gida uku da zarto, zarton yana ƙara kamar ina yankan bulo.

A waje na tsaya na dubi bakin yankan da kyau, kuma in faɗi gaskiya abin ya ba ni sha'awa duk da ƙazantarsa. Zobe-zobe ne kamar gindin itacen da aka sare, wani fari fat, wani ruwan shayi, wani toka-toka. A tsakiya ga ɗan rami da ƙaramin yatsana ya shiga da ƙyar, bai fi milimita 12 ba daga 38. A ramin nan ne wani ɓallen ɓawo ya gicciye, takarda ta taru a bayansa, hanya ta rufe. Kuma kaurin ba ɗaya ba ne ko'ina. Inda tiyon ya miƙe tsaye ɓawon bai fi kaurin farce biyu ba. Inda ya saki ciki ya yi lilo a bayan akwatin kaya, nan ne dutsen ya kusa haɗewa. Duk wanda ya shimfiɗa tiyon nan tun farko ya bar masa rara, rarar ta zama kwari, kwarin ya zama tafki.

Don in ga ƙarshen abin na kama gunduwa ɗaya na riƙa maka ta a kan simintin gada. Wannan ita ce tsohuwar dabarar masu jirage, kuma tana aiki: ɓawon yana tsagewa ya zubo kamar fasasshen bututun yumɓu. Amma a waje ake yi. In ka bubbuga tiyo yana wurinsa, ɓallayen za su gangara su toshe gaba, ka mai da ƙaramar matsala babba. Na tara abin da ya fito daga gunduwa ukun a bokiti na ɗora a sikeli, ya haura kilo 3.

Nan na gane dalilin da kofin ruwan khal ɗina bai yi komai ba. Ruwan khal na kanti asid ɗinsa kashi 5 ne cikin 100. Lita guda, ko da ta yi aikinta duka ba asara, allin da za ta narkar bai wuce giram 40 da ɗan kai ba. Kofi ɗaya, giram 10 ke nan. Kilo 3 yana neman sama da lita 70. Masu cewa ruwan khal magani ne ba ƙarya suke ba, sai dai maganin shafen da bai kai wata ba ne. Ni na kawo shi bayan shekara uku.

Akwai kayan da ba zan canza ba, su ma duk sun kama: gwiwar bayan famfo, bawul ɗin mararraba mai raba hanya tsakanin tanki da teku, da doron nan mai ɗan hancin shan iska da ke hana ruwan teku zuƙowa ya cika jirgi. Waɗannan asid mai ƙarfi suke so. Na samo haidirokulorik, irin wanda magina ke wanke siminti da shi, ƙarfinsa wajen kashi 30 cikin 100. Na sirka ɗaya cikin goma a bokitin roba, a sarari, iska tana bayana, da tabarau da safar hannu. Ruwa ake fara zubawa sannan asid ya biyo baya a hankali, ba a juya wannan tsarin. Na cire robobi da kusoshin ƙarfe na ajiye gefe, don asid ɗin nan yana cin ƙarfe, har wanda ba ya tsatsa, balle alminiyam. Ina jefa gwiwar sai ruwa ya ɗauki tafasa, kumfa yana tashi yana shuu. Iskar kabon ce ke fita daga allin. In kumfa ya kwanta, ko ɓawo ya ƙare ko asid ya gaji. Minti 20, na ciro da filaya, na goge da tsohon buroshin haƙori, na mayar. Zagaye uku suka ishi gwiwar, mararrabar ta ci biyar. Da na gama na riƙa barbaɗa garin bayikabonet, mai kashe ƙarfin asid, cikin bokitin har ya daina kumfa, sannan na kai shi inda ake zubar da irin wannan.

Abu biyu Baba ya maimaita mini har na gaji da ji. Kada in ce ruwan batir ma asid ne in ɗauko, don shi in ya haɗu da alli wani farin shafe yake bari da ba ya narkewa da sauƙi, ya rufe ɓawon ya hana aiki. Na biyu, kada bilic ya kusanci wurin, ko ragowarsa a kwano. Bilic da asid suna ba da iskar kulorin, a ɗaki ƙarami kamar bandakin jirgi kuwa ba sai ta yi yawa ba take kai mutum asibiti. Wanda ba ya son harka da mai ƙarfin, garin sitirik asid a ruwan ɗumi yana yi, sai dai yana son haƙuri.

Sai kuma wautar da na tafka. Akwai guntun tiyo, rabin mita, daga mararraba zuwa makullin teku. Jirgin yana kan ruwa, na ji tsoron in yi ta jijjiga shi in lahanta inda ya huda jikin jirgi, sai na ce bari in wanke shi a inda yake. Makulli a rufe, na ɗura masa sirkin asid da mazurari. Wari ya taso, sai na ɗauki toshiyar katako na toshe bakin. Ban kai ga miƙewa ba na ji fuf, toshiyar ta bugi rufi, wani kumfa ruwan ƙasa ya feso mini a hannu da ƙirji da gilashin tabarau. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Na yi waje da gudu na sakar wa kaina ruwa na mintoci. Allah ya taimake ni sirkin ba mai ƙarfi ba ne, kuma idona a rufe yake. Baba yana zaune a bakin gada ya kalle ni daga sama har ƙasa.

"Wa ya ce ka rufe masa baki? Abin da ke numfashi ba a toshe shi."

Na koma na yi shi yadda ya kamata, kaɗan-kaɗan, baki a buɗe, tsumma a kewaye, ina zuƙe wanda ya gaji da ɗan famfon roba zuwa bokiti. Ban bar shi ya wuce minti goma a kowane zagaye ba saboda makullin na tagulla ne, sannan na ɗauraye da ruwa mai yawa.

Wajen sa sabon tiyo na fi ɓata lokaci, kuma a ganina nan ne ainihin gyaran. Ban bi tsohuwar hanya ba. Na huda sabon rami a allo ɗaya, tiyon ya tashi daga famfo ya haye kai tsaye zuwa doro, wanda dole ya zauna aƙalla santimita 20 sama da inda ruwan waje zai iya kaiwa ko da jirgi ya karkata, daga nan ya gangara zuwa tanki ba tare da ya sake hawa ba. Hawa ɗaya, gangara ɗaya. Na ɗaure shi a jikin allo kusa-kusa don kada ya saki ciki. Mita 4 ta koma 2 da rabi. Na sayi tiyon da aka yi musamman don masai, mai santsin ciki, ban bi araha ba, tunda na ga wahalar da ke cikin canza shi. Don ya hau baki na tsoma kansa a ruwan zafi na minti biyu, na shafa ɗan sabulun wanke kwanuka, ya shige sumul. Kowane baki kilif biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, kan ɗaya yana kallon hagu na ɗaya yana kallon dama. Na buɗe famfon na shafa wa fistin giris ɗin silikon. Man girki kwana biyu yake yi ruwa ya wanke shi, giris ɗin mota kuwa kumbura roba yake. Na buɗe makullai, na bi kowane baki da busasshiyar takarda ina neman danshi. Na danna mariƙi da yatsa biyu ya tafi.

Saura abin da ya fi wuya, wato hali. Mita 2 da rabi sau 7 ya ba da 17 da rabi, na cike shi 20, na rubuta a kati na manna a bango daidai idon mai zama. Matsalar tanki ba ta tafi ba, don bugu 20 ya haura lita 3, kafin a shiga bandakin sau ashirin tankin ya cika. Sai na raba abin. Da rana, in mutane suna ta shiga da fita, bugu goma da liba (ɗan makunnin da ke jikin famfo, mai zaɓar ko a zuƙo ruwan teku ko a yi bugun bushe) a gefen ruwa, sannan a mayar da ita gefen bushe a ƙara goma. Bugun bushe ba ya shigo da ruwa, yana tura wanda ke ciki ne ya haye doro, daga can gangara ta ƙarasa aikin. Wannan yana yiwuwa ne don hawan gajere ne kuma jokar sabuwa ce. A tsohon shimfiɗin da ba zai yi ba. Wanda ya shiga ƙarshe da dare shi ke yin ashirin cikakku da ruwa, don kwanan da abin ke yi a tiyo shi ne ɓarnar. Kuma na haramta maganar nan ta "ai fitsari ne kawai". Shi ɗin ne mai ginin. Mai bayan gida ba a roƙonsa ya buga, ido ma yana sa shi.

Yayana bai ɗauki katin da muhimmanci ba. Bangon bandakin siriri ne, ina zaune a waje ina jin bugun, ban san lokacin da na fara ƙirgawa ba.

"Yaya, saura takwas."

"Kai, ni fa ba motsa jiki na zo ba."

Ya dai ƙarasa. Daga baya na yanko zobe ɗaya daga tsohon tiyon, na wanke shi na shanya na shafa masa banish, na rataye da zare kusa da katin. Tun daga nan ban sake yi wa kowa bayani ba, sai dai a fito a tambaye ni mene ne wancan.

Ranar da za mu sauka daga jirgi kuwa ba na barin ruwan teku a ciki ko kaɗan. Ina rufe makullin shiga, in sa liba a bushe, in juye ruwan daɗi lita 5 a kwano kaɗan-kaɗan ina bugawa har ya wuce. Wannan yana wanke hanyar fita, amma bai taɓa hanyar shiga ba, kuma can ma akwai nata ciwon: ƙananan halittun teku suna mutuwa a ruwan da ya tsaya a siririn tiyon, shi ya sa bugun farko bayan mako biyu yake warin ruɓaɓɓen ƙwai. Maganinsa na samu wajen Baba. Mun haɗa magudanar kwanon wanke hannu da tiyon shiga, sama da makulli. In na rufe makullin na cika kwanon wanke hannu da ruwan daɗi, na buga da liba a gefen ruwa, famfon daga nan yake sha, ruwan daɗi ya bi ko'ina tun daga farko har tanki. Na taɓa tambayarsa me zai hana in ja layi kai tsaye daga tankin ruwan sha. Ya ce famfon masai irin wannan ba a yi shi don ya raba tsafta da ƙazanta ba, roba ɗaya ce tsakaninsu, ranar da ta gaji zan sha abin da ban shirya ba. Irin masai ɗin da ake haɗawa da ruwan sha ƙirarsa daban ce. Ruwan daɗin ma ba wai ba shi da kalshiyam ba ne sam, wani ruwan rijiya yana da shi sosai, kuma jiragen tafki su ma suna tara ɓawo, sai dai a hankali ƙwarai.

Ruwan khal ya dawo, amma yanzu a matsayinsa. Sau biyu a wata, rabin lita, bayan na ɗauraye da ruwan daɗi don kada ya ƙare ƙarfinsa a kan ruwan teku. Ina bugu biyu in dakata minti biyar, in ƙara biyu, don ya ɗan zauna a kowane sashe maimakon ya wuce da gudu. Kafin awa ta cika na bi shi da ruwan daɗi. Sau ɗaya na ce bari ya kwana ya fi ci, har na manta shi kwana uku. Da na dawo jokar ta kumbura, leɓenta ya murguɗe, ruwa yana dawowa kwano. Wata joka ke nan na saya, yanzu guda biyu nake ajiyewa a akwatin kayan gyara.

Bayan wata goma sha huɗu na kwance gwiwar don canza joka, wadda nake yi duk shekara ko ta lalace ko ba ta lalace ba, na haska tocila cikin tiyon. Akwai wata 'yar farar ƙura a bango, na sa yatsa na shafa ta fita. Na ji daɗi har na kusa mayarwa, sai na ce bari in duba can wajen mararraba. Ɗaya daga cikin maɗauran ya tsinke ban sani ba, tiyon ya saki ciki kamar faɗin yatsa uku, kuma a daidai wannan ɗan kwarin ɓawo ya fara kamawa, kaurin farce, tsawon tafin hannu. Na cire bakin, na jiƙa shi a sitirik asid na yini guda, na goge, na mayar. Maɗaurin kuma na canza shi da na ƙarfe mai shimfiɗar roba, na ƙara wani a gefensa.